AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yadda Wutar Daji Ta Tsayar Da Garin Man Fetur A Kanada

A wannan mako takarda ɗaya kacal za mu ɗauka, don kuwa amsarta tana da ɗan tsawo.

Takardar ta fito ne daga wani mai sauraronmu na kullum, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a jihar Katsina. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce sau da yawa yakan ji a labarun duniya an ce wutar daji ta tashi a ƙasa kaza, an yi hasarar kuɗi miliyan dubu kaza. Ya ce abin yana ɗaure masa kai, domin a iya saninsa wutar daji ciyawa take ci da kirare, in ta yi ɓarna ƙwarai ta haɗa da amfanin gona da ba a kwashe ba, da damina ta faɗi kuma sai daji ya koma kore shar. To ina waɗannan maƙudan kuɗi suke shiga? Kuma wai da gaske ne wutar daji tana iya taɓa tattalin arzikin ƙasa ɗungurungum?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce ƙwarai kuwa, tana iyawa, musamman in ta faɗa wa yankin da abu guda ne kaɗai ke riƙe da shi. Amma don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki gobara guda ɗaya mu bi ta daki-daki, watau wadda ta auka wa garin Fort McMurray na ƙasar Kanada a watan Mayun 2016. Za ka ga cewa hasarar irin wannan wuta kashi uku ce. Akwai abin da ya ƙone, akwai abin da ya tsaya cik alhali wuta ba ta taɓa shi ba, kana akwai abin da ya tafi bai dawo ba. Kafin mu fara, ka lura cewa duk inda muka ce dala, dalar Kanada muke nufi, wadda a lokacin darajarta wajen kashi uku cikin huɗu ce na dalar Amurka, sai fa wurin farashin gangar mai, wanda da dalar Amurka ake faɗinsa. Miliyan dubu kuwa shi ne abin da ake kira biliyan.

Garin Da Abin Da Yake Ci

Fort McMurray yana lardin Alberta ne a yammacin Kanada, kimanin kilomita 435 arewa maso gabas da Edmonton, babban birnin lardin. Yana zaune a mahaɗar koguna biyu, Athabasca da Clearwater, kuma ƙurmi ne ya kewaye shi ta ko'ina. Asalinsa zangon masu cinikin fatun namun daji ne da aka kafa a 1870. Har zuwa 1966 mutanensa ba su kai 3,000 ba.

Abin da ya ɗaga garin yana ƙarƙashin ƙasa. Man wannan yanki ya sha bamban da wanda kake jin ana haƙowa daga rijiya yana tsartuwa. Kwalta ce baƙa wuluk, mai kauri, cakuɗe da yashi. Tun zamanin da, mutanen asali na yankin da ita suke liƙe kwale-kwalensu don kada ruwa ya shiga. Hanya biyu ake bi a fitar da ita. Inda take kusa da doron ƙasa sai a yaye daji, a kwashi yashin da manyan motoci, a wanke shi da ruwan zafi har kwaltar ta rabu. Sai an kwashi wajen tan biyu na yashi kafin a sami ganga ɗaya, ganga kuwa lita 159 ce. Inda take da zurfi kuma sai a tura tururi ta bututu ya narkar da ita a can ƙasa, sa'an nan a zuƙo.

An buɗe babbar ma'aikata ta farko a 1967, wadda daga baya ta zama ta kamfanin Suncor, kana kamfanin Syncrude ya fara nasa aiki a 1978. Wannan yashi ne ya sa Kanada ta shiga sahun ƙasashe huɗu da suka fi kowa yawan mai a ƙarƙashin ƙasa, tare da irin su Benezuwela da Saudiyya. Da farashin mai ya yi sama, sai jama'a suka yi ta kwarara. Wasu sun zo daga lardunan gabashin ƙasar irin su Newfoundland, inda sana'ar su ta mutu, wasu daga Filifin da Indiya da Somaliya da sauran ƙasashen Afirka. Ban da mazauna gari, akwai dubban ma'aikata da ke kwana a sansanonin kamfanoni, su yi makonni suna aiki, jirgi ya mai da su gida da albashinsu.

Saboda haka, Malam, ko da mutum bai taɓa shiga ma'aikatar mai ba, in dai a garin yake to da mai yake ci. Mai gidan haya, mai otal, direban bas, makaniki, mai aski, duk kuɗin da ke shiga hannunsu daga aljihun ma'aikacin mai ya fito. Ita kanta gwamnatin lardin haka take. Alberta ba ta karɓar harajin sayen kaya irin wanda sauran larduna ke karɓa, saboda ta saba da rabon da take samu daga mai da iskar gas.

Ana Kukan Targaɗe Sai Ga Karaya

Tun kafin wuta ta tashi garin yana cikin matsi. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, amma a farkon 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Man yashi kuwa yana cikin mafi tsadar fitarwa a duniya, don haka kamfanoni suka dakatar da sababbin ayyuka, suka sallami dubban ma'aikata. Rabon da gwamnatin lardin ke samu daga albarkatun ƙasa ya sauko daga kusan dala miliyan dubu 9 a shekarar kuɗi ta 2014 zuwa 2015, ya koma ƙasa da miliyan dubu 3 a shekarar da ta biyo baya. A cikin wannan hali ne gobara ta zo.

Ran Lahadi 1 ga Mayu, 2016, ma'aikatan gandun daji suka hango hayaƙi daga jirgi mai saukar ungulu, kudu maso yamma da garin. Masu bincike sun ce ba tsawa ce ta haddasa wutar ba, zato mafi ƙarfi shi ne daga hannun ɗan Adam ta fito. Sanyin da ya gabata bai yi tsanani ba, dusar ƙanƙara ba ta zuba da yawa ba kuma ta narke da wuri, itatuwa ba su riga sun fitar da sabon ganye ba, daji ya bushe ƙamas. Ran Talata 3 ga wata zafi ya kai kusan digiri 33. A Katsina wannan ba abin labari ba ne, amma a can ninkin abin da aka saba gani ne a irin wannan lokaci. Danshin iska ya sauka zuwa wajen kashi 12 cikin 100, kamar tsakiyar hunturu, ga iska tana kaɗawa da ƙarfi.

Bambancin wannan daji da namu shi ne irin itatuwansa. Dogaye ne, a cunkushe, masu ƙaro da ke kamawa kamar an zuba kananzir. Wutar ba ta tsaya a ƙasa tana lasar ciyawa ba, hawa ta yi kan itatuwa tana gudu daga wannan zuwa wancan, iska na ɗaukar garwashi tana jefawa can gaba. Har kogin Athabasca ta tsallake. Zafinta ya haɗa nasa hadari a sama, wanda ya riƙa sako tsawa tana kunna wata wutar a wani wuri. Shugaban 'yan kwana-kwana na yankin, Darby Allen, sai da ya laƙaba mata sunan da ke nufin dodo.

A ranar aka ba da umurni kowa ya bar gari. Mutane kimanin 88,000 suka fita, har da majinyatan asibiti. Babbar hanya ɗaya tak ta ratsa garin, mai lamba 63. Yawanci suka nufi kudu, motoci bi-da-bi cikin hayaƙi, wasu man ya ƙare musu suka bar motocin a gefen titi. Wajen mutum 25,000 suka yi arewa zuwa sansanonin kamfanonin mai, daga baya aka kwashe su da jiragen sama da ayarin motoci. Washegari gwamnatin lardin, ƙarƙashin Firimiya Rachel Notley, ta kafa dokar ta-ɓaci. Cikin ikon Allah wutar kanta ba ta kashe kowa ba, sai mutum biyu da suka rasu a haɗarin mota wajen gudun.

Kafin a shawo kanta ran 5 ga Yuli, ta ci kimanin hekta 590,000, watau faɗin da ya fi jihar Legas gaba ɗaya, har ta ƙetara cikin lardin Saskatchewan. An sami gudummawar 'yan kwana-kwana daga Amurka da Meziko, da wasu kimanin 300 daga Afirka ta Kudu. Duk da haka ta ci gaba da ci a ƙarƙashin ƙasa, ta sha sanyi guda cur a binne, ba a tabbatar ta mutu murus ba sai 2 ga Agusta, 2017.

Hasara Ta Farko: Abin Da Ya Ƙone

Wannan ita ce wadda ido ke gani. Gidaje da sauran gine-gine kimanin 2,400 suka ƙone. Unguwannin Beacon Hill da Abasand da Waterways su suka fi shan wuta. An ceci mafi yawan garin, har da asibiti da tsakiyar kasuwa, amma ko gidan da ya tsira bai tsira da komai ba. Hayaƙi ya shiga katifu da tufafi da bango. An yi makonni babu lantarki, abinci ya ruɓe, aka yi ta fitar da dubban firji bakin titi ana kwashewa zuwa juji. Motoci sun ƙone, katakon da za a yanka a sayar ya ƙone, mafarauta 'yan asalin yankin sun rasa bukkokinsu da wuraren ɗana tarko.

Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Kanada ta bayyana a watan Yuli cewa za a biya diyyar kimanin dala miliyan dubu 3 da miliyan 580. Masu neman diyyar gida da kayan gida sun haura 27,000, na motoci sun haura 12,000, na wuraren kasuwanci sun haura 5,000. A lokacin babu wani bala'i a tarihin ƙasar da ya taɓa cin kuɗin inshora haka.

Amma ka sani inshora ba kowa ta rufa wa asiri ba. Akwai 'yan haya da ba su yi wa kayansu inshora ba, akwai masu gida da kuɗin da aka ba su bai isa sake ginin ba. Yawancin gidaje a can da bashin banki ake saye, bashin kuwa ba ya ƙonewa da gida. Mutum yana biyan banki kuɗin gidan da ya zama toka, ga kuma kuɗin wurin da ya raɓa.

Hasara Ta Biyu: Abin Da Ya Tsaya

A nan ne amsar tambayarka take, Malam. Manyan ma'aikatun mai ba su ƙone ba. Suna da fili mai faɗi da aka share kewaye da su, suna da 'yan kwana-kwana na kansu. Man da ke cikin yashi yana nan yadda yake. Amma duk da haka, a tsakiyar lamarin, fitar da mai ya ragu da kimanin ganga miliyan ɗaya a kowace rana. Wannan ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan man da Kanada ke fitarwa a lokacin, ko kuma ka ce kusan rabin abin da Nijeriya ta tsara haƙowa kullum a kasafin kuɗin shekarar.

Me ya kawo haka? Na ɗaya, babu ma'aikata. Mutumin da ya gudu da iyalinsa, bai san ko gidansa na tsaye ba, ba zai zo aiki ba. Na biyu, hayaƙi ya hana aiki a fili. Na uku, an rufe bututun mai don gudun haɗari. Ita kwaltar nan ba ta gudu a bututu sai an sirka ta da wani mai mai ruwa-ruwa da ake turowa daga kudu, to in bututun da ke kawo abin sirki ya tsaya, mai fitar da kaya ma ya tsaya. Na huɗu, hanyar nan guda ɗaya da ake kawo abinci da kayan gyara ta ita, an rufe ta. Ana shirin komawa aiki kuma, sai ran 16 ga Mayu wutar ta juya arewa, aka sake kwashe ma'aikata kimanin 8,000 daga sansanoni, washegari wani sansani mai ɗakuna 665 ya ƙone.

Irin wannan ma'aikata kuma ba kamar injin niƙa ba ce da za ka kashe yanzu ka tayar an jima. Inda ake aiki da tururi, in aka tsaya ƙasa takan fara hucewa, sai a hankali ake sake ɗumama ta. Shi ya sa sai wajen watan Yuli yawancin ma'aikatun suka koma yadda suke. Cibiyar nazarin tattalin arziki ta Conference Board of Canada ta ƙiyasta cewa an yi hasarar fitar da ganga miliyan 47, wanda kuɗinsa ya kai dala miliyan dubu 1 da miliyan 400.

Ka kwatanta da sana'arka. A ce rumbunka cike yake da hatsi, wuta ba ta taɓa shi ba, amma 'yan dako sun gudu, direbobi sun gudu, hanyar kasuwa a rufe wata guda. Hatsin yana nan, amma ba ka da cinikin wannan wata, ga yaran shago za ka biya, ga mai bin ka bashi yana jira. Mai tuwon da ke ciyar da 'yan dako ita kuwa hasararta ta fi taka, domin kai ka iya sayar da hatsinka daga baya, ita tuwon da ba ta sayar jiya ba ya tafi ke nan. Haka aka yi a Fort McMurray. Kamfanin mai ya fitar da man daga baya, amma mai gidan abinci da mai tasi da mai aikin yini, wata gudan nan ya wuce su har abada. Sai ran 1 ga Yuni aka fara barin mutane su koma, rukuni-rukuni. Wasu unguwanni kuwa sai bayan watanni, saboda gubar da ke cikin toka. Makarantu ba su sake buɗewa ba sai watan Satumba.

Yadda Abin Ya Kai Ga Ƙasa Da Duniya

Ka tambaya ko wuta tana taɓa arzikin ƙasa baki ɗaya. Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta ba da rahoton cewa jimlar abin da ƙasar ta samar a watan Mayun 2016 ya ragu da kashi 0.6 cikin 100. Kada ka raina wannan adadi, rabon da a ga faɗuwa irin ta a wata guda tun Maris na 2009, lokacin karayar tattalin arzikin duniya. A watanni uku na Afrilu zuwa Yuni, ƙididdigar farko ta nuna raguwar kashi 1.6 bisa lissafin shekara. Ka ji fa, gari mai mutum ƙasa da 100,000 ya ja ƙasa mai mutum wajen miliyan 36 baya.

Gwamnatin lardin ta sha ta gaba da baya, kuɗin shiga ya ragu, kuɗin fita ya ƙaru. Ta raba wa waɗanda suka yi gudun wuta dala 1,250 kowane baligi, da dala 500 kowane yaro, ban da kuɗin kashe wuta da na gyara. A watan Agusta ta sanar cewa gobarar ta ƙara wajen dala miliyan 500 a kan giɓin kasafin kuɗinta, wanda dama ya haura miliyan dubu 10. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta tara fiye da dala miliyan 300, haɗe da abin da gwamnatoci suka ɗora a kan gudummawar jama'a. Can a lardunan gabas kuma, dubban kilomitoci daga wutar, iyalai sun ji a jikinsu saboda kuɗin da ake aiko musu ya yanke.

A kasuwar duniya, abin ya zo daidai da lokacin da ake fasa bututun mai a yankin Neja Delta, inda ƙaramin ministan mai na Nijeriya na lokacin, Ibe Kachikwu, ya ce haƙo mai ya sauko zuwa ganga miliyan 1.4 a rana. Waɗannan abubuwa biyu suna cikin dalilan da suka sa farashin ganga ya taɓa dala 50 a ƙarshen Mayu, karo na farko a shekarar. Tashin bai yi tsanani ba saboda rumbunan mai na duniya cike suke a lokacin.

Sake Gini Ba Riba Ba Ne

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Da ma'aikatu suka koma aiki, sai lissafin ya juya. A watanni uku na Yuli zuwa Satumba tattalin arzikin Kanada ya ƙaru da wajen kashi 3.5 bisa lissafin shekara. Cibiyar nan da muka ambata ta ƙiyasta cewa za a kashe dala miliyan dubu 5 da miliyan 300 wajen sake gini cikin shekara uku. Magina da kafintoci da masu sayar da katako suka sami aiki. Wanda ya dubi takarda kawai sai ya ce ai gobarar alheri ta zama.

Ba haka ba ne. Shi wannan lissafi yana ƙirga abin da aka yi ne a shekara, ba ya cire abin da aka rasa. In ɗakinka ya ƙone ka sayar da sa ka sake gina shi, magini ya samu, mai kwano ya samu, amma kai da kake da ɗaki da sa, yanzu ɗaki kaɗai gare ka. Kuɗin da aka zuba a Fort McMurray daga asusun kamfanonin inshora da baitulmali suka fito, watau daga aljihun masu biyan inshora da masu biyan haraji. Da masana tattalin arziki na jami'ar MacEwan da ke Edmonton suka haɗa komai, gine-gine da mai da albashi da katako da lafiyar jama'a, sai suka sami jimlar hasara wajen dala miliyan dubu 9 zuwa 10. Ka ga ke nan abin da inshora ta biya bai kai rabi ba.

Hasara Ta Uku: Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Ita wannan a hankali take fitowa. Ƙasa ta farfaɗo cikin watanni, amma gari ya ɗauki shekaru. Bayan shekara biyu cur, mafi yawan gidajen da suka ƙone ba a gama sake gina su ba. Mutumin da dama aikinsa yana tangal-tangal, ga gida ya ƙone, ga 'ya'ya sun shiga makaranta a Edmonton ko Calgary, sai ya ga babu dalilin komawa. Ƙidayar da hukumar yankin ta yi a 2018 ta nuna jama'a sun ragu da kusan kashi 11 cikin 100 in an gwada da 2015. Farashin gidaje ya faɗi, wasu suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan. Wani bincike da malaman jami'ar Alberta suka yi a kan ɗaliban sakandare na garin, wata 18 bayan gobarar, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku suna da alamun ciwon firgita da ke biyo bayan bala'i.

Gaskiya ita ce ba wuta kaɗai ta jawo wannan ba, faɗuwar farashin mai tana da babban kaso. A 2017 manyan kamfanonin waje irin su Shell da ConocoPhillips sun sayar da kaso mai yawa na hannun jarinsu a man yashi ga kamfanonin cikin gida. Zuwa 2018 man da ake fitarwa ya zarce na kafin gobara, amma ayyukan yi ba su bi shi ba, domin zamanin gina sababbin ma'aikatu ya wuce. A farkon shekarar ma Suncor ya sanar zai kawo manyan motoci marasa direba, abin da zai rage ayyuka wajen 400. To ka ga illar dogaro da abu guda. Garin da ke da noma da masana'antu da ciniki iri-iri, in ɗaya ya faɗi sauran sukan tallafe shi. Nan kuwa babu na biyun da zai riƙe mutane kafin na farkon ya miƙe.

Lardin ya taɓa yin tanadi don irin wannan rana. A 1976 Firimiya Peter Lougheed ya kafa asusun ajiye wani kaso na kuɗin mai, amma aka daina zuba kason a 1987, shi ya sa a lokacin gobarar abin da ke ciki bai kai dala miliyan dubu 20 ba. Ƙasar Norwe, wadda ta kafa irin nata a 1990, ta tara fiye da dalar Amurka miliyan dubu sau dubu zuwa 2017.

Garin bai huta ba bayan nan. A watan Afrilun 2020 ƙanƙara ta toshe kogi, ambaliya ta kori mutum wajen 13,000 daga gidajensu. A watan Mayun 2024 wata wutar ta sake matsowa, aka kwashe kimanin mutum 6,600 daga unguwanni huɗu, har da Beacon Hill da Abasand, amma a wannan karo ba ta shiga gari ba.

A Taƙaice

To Malam, ka ga inda kuɗin suke shiga. Ciyawa da itace za su sake tsirowa kamar yadda ka faɗa, a can ma dajin ya saba da wuta, wasu itatuwan sai da zafinta 'ya'yansu ke buɗewa. Tsadar tana wurin abin da ɗan Adam ya kafa a tsakiyar dajin: gidaje, da hanya ɗaya, da bututu, da sana'a guda da kowa ya rataya a kanta. Abubuwan da suka rage ɓarna kuwa kafin wuta aka yi su, watau filin da aka share kewaye da ma'aikatu, da inshora, da ajiyar gwamnati komai ƙanƙantarta. Kai ma da kake da rumbu a bakin daji, share kewayensa tun kaka ta yi ya fi maka arha a kan neman guga ranar da hayaƙi ya taso. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Da fatan mun warware maka abin da ya ɗaure maka kai. A gai da mutanen gida da abokan ciniki. Sauran masu sauraro da takardunsu ke hannunmu, ku ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.